Ranar da Malam Bawa Ya Ba da Aron Mitarsa

Ku yaran yanzu kuna ba ni mamaki. Jiya-jiyan nan ɗayanku ya tsaya a bakin shagona nan Gusau, yana taunar cingam, ya ce wai aikin wuta ai ba komai ba ne, waya biyu ce, ja da baƙa, ka dangwala mita ta faɗa maka. Ya zaro wata 'yar mita daga aljihun wando, ka rantse kwalin ashana ne, ya ce kuɗinta bai kai na abincin rana biyu ba, kuma lambar da tawa take nunawa ita tasa take nunawa. Ban musa masa ba, don gaskiya ya faɗa, lambar ɗaya ce. Amma ku zauna, ku kife wayoyin nan, in gaya muku abin da mutum yake saye idan ya sayi mita. Sana'ar nan da hannu ake cin ta, kuma babu abin da ke tsakanin hannunka da wuta sai wannan 'yar aba. Labarin da zan ba ku na hannun dama ne, na maigidana Malam Bawa Mai Rediyo na Tsafe, Allah ya jiƙansa.

Aikin farko da na ga ya yi, rediyon wani mahauci ne, duk ya yi maiƙo, ga ƙwan kyankyaso a ciki. A ranar mahaifina ya kai ni shagon, ya ce, "Malam, ga Ummaru nan, in ya yi ka riƙe, in bai yi ba ka koro mini shi." Malam bai ko ɗaga kai ba. Ya buɗe wani akwatin katako, ya fito da mita mai allura, irin ta da, ya haɗa tsinkayenta biyu, allurar ta tafi ƙarshe ta tsaya. Sannan ya taɓa nan, ya taɓa can, ya ɗiga dalma a wuri guda, sai ga rediyo yana magana. Mahauci ya ce sihiri ne. Ni kuwa yatsun nake kallo. Dogaye ne sirara, ba sa rawa ko kaɗan, yana iya ɗaukar sukurun da ni sai na ƙanƙance ido nake ganinsa.

Na daɗe ina shara da hura gawayin ƙarfen dalma kafin ya bari na taɓa mitar nan. Da ranar ta zo kuma, sai dokoki. In ka yi alwala, ka goge hannu da ƙafa su bushe ƙayau kafin ka matso. Takalmin roba. Babu zobe, babu agogon ƙarfe. In za ka taɓa wuri mai wuta, hannun hagu ya shiga aljihu ya zauna can, don kada wutar ta shiga ta wannan hannu ta bi ta ƙirji ta fita ta wancan. Sannan kullum a fara gwada mitar kanta. "Ka fara jin lafiyarta, Ummaru," in ji shi, "kafin ka tambaye ta lafiyar wani." In na manta ɗaya daga cikin waɗannan, ba ya duka, kallo ɗaya zai yi mini ta saman tabarau, in gwammace a ce marina ya yi.

Da gyaran rediyo ya fara ja da baya, muka koma wayarin gidaje da gyaran injuna, mai allura ta daina isar mu. Malam ya sayar da ragon da yake kiwo, ya hau mota ya tafi Kano, ya dawo da mita mai lamba. Matarsa, da duk muke ce wa Inna, ta kwana biyu ba ta yi masa magana mai daɗi ba. Ta ce rago guda ya tafi, an dawo mata da abin da ko miya ba za a yi da shi ba.

Kai, wannan mita! Duk wanda ya ƙera ta, ko a wace ƙasa yake, ya san abin da yake yi, kuma ya san mutum ne zai riƙe ta. Nauyi gare ta a hannu. Tana sanye da rigar roba mai kauri. A wani masallaci a Bilbis ta suɓuce daga saman tsani ta faɗo kan siminti, muka ɗauko ta tana nuna lambarta kamar ba abin da ya faru. Wayoyinta masu kauri ne masu laushi, ba sa tsagewa, kuma kowane tsinke yana da ɗan tudu kusa da baki wanda zai tare yatsanka kada ya zame ya taɓa ƙarfe. In ka buɗe bayanta, za ka ga an bar fili tsakanin hanyoyin wuta, har da 'yar katangar roba a tsakani. Sai kuma fis ɗinta, wato abin da yake ƙonewa ya katse wuta in ta yi yawa, fari kamar alli, kaurinsa ya kai ƙaramin yatsa, cikinsa cike da yashi. Yashin nan shi ne yake kashe tartsatsin in fis ya ƙone.

Ku je ku buɗe irin taku ta aljihu ku gani. In kun ci sa'a, za ku tarar da ɗan fis na gilashi irin na rediyo. Wata ma an zana wurin fis ɗin ne kawai, ba a sa shi ba. A fuskarta kuwa an rubuta manyan lambobi, wai tana ɗaukar wuta kaza da kaza. To, rubutu ai ba ya tsada. Ban ce ba ta da amfani ba, a'a. In batirin tocila ne ko cajar waya, ku yi ta fama da ita. Amma akwatin wutar gida ko na inji, wallahi ko kyauta aka ba ni ita ba zan kai ta wurin ba.

Aikin wani gidan burodi a Tsafe shi ya nuna mini dalilin ragon. Ku saurara da kyau, don duk labarin a nan yake. Mita tana da rami biyu da ake cusa jar waya. Ɗaya na auna ƙarfin wuta ne, shi muke ce wa ramin bolt. Ɗayan na auna yawan wutar da abu yake sha ne, ramin am. Idan jar waya tana ramin am, cikin mita ya zama buɗaɗɗiyar hanya. Ka taɓa layi biyu masu wuta da ita a haka, to ka haɗa su ke nan kai tsaye, ko da ka murɗa makunnin zuwa bolt. Babu ma'aikacin da bai taɓa yin wannan mantuwa ba. Wanda ya ce muku bai taɓa ba, ko dai sabon shiga ne ko maƙaryaci. A gidan burodin nan Malam da kansa ya yi ta. Ya auna wutar da wata fanka take sha, aka yi masa magana, ya juya ya taɓa layi. Muka ji ƙas! Shi ke nan fa, ko hayaƙi babu. Ya dubi mitar, ya dubi hannunsa, ya yi murmushi ya ce, "Ta karɓar mini."

Irin wannan fis babu shi a Tsafe, babu shi a Gusau. Ya ba wani direba mataccen ya tafi da shi Kano, ya koma amfani da mai allura yana jira. Abokan sana'a suka yi ta yi masa dariya. Al'adarmu ai kowa ya san ta, in fis ya ƙone sai a zare silin waya ɗaya a ɗaura a wurin, ko a naɗe shi da takardar kwalin taba mai ƙyalli, aiki ya ci gaba. Haka muke yi wa rediyo, haka masu motoci suke yi. Malam ya ce, "Wanga fis ya yi aikinsa. In na ɗaura waya, ranar da na sake mantuwa wa zai karɓa? Hannuna ne zai karɓa."

Duk Tsafe an san Malam da sakin hannu. Filaya, sukundireba, tsani, kekensa ma, ka zo ka ɗauka. Amma mita, ina! A garin da hana aro abin kunya ne, shi ya yarda a ce masa marowaci. In ka matsa masa, sai ya rufe shago ya bi ka har wurin aikinka, ya auna maka duk abin da kake so, bai karɓi ko sisi ba, ya naɗe wayoyinsa ya dawo. Na taɓa ce masa, "Malam, ai wahalar ta fi yawa, ka ba su mana." Ya ce, "Ban san abin da za a yi mata a bayan idona ba, kuma ita ba ta da bakin faɗa mini."

Sai mummunar shekara ta zo. A lokacin na riga na buɗe shagona a Gusau, ina zuwa gaishe shi duk Juma'a. Taransifomar unguwarsu ta ƙone tun farkon damina, har aka yi girbi ba a ga wuta ba. Hanyoyin ƙauye kuma suka zama sai da addu'a, aikin da muke samu a can ya tsaya cak. Ni da nake wayarin manyan gidaje na koma gyaran tocila. Ma'aikata da yawa suka sayar da kayan aikinsu suka ci, suka koma sayen 'yan mitocin nan da ake tallarsu a baro tare da kwado da batir.

A cikin waɗanda abin ya fi taɓawa akwai Lawali, mijin Rabi 'yar Malam. Shi ma aikin wuta yake yi, amma ba wurin Malam ya koya ba. Mutum ne shiru-shiru mai ladabi, ga Rabi ta haihu, ga gida babu. Sai Allah ya kawo masa aikin haɗa sola a wani shagon magani a Magami, aikin kirki na farko a shekarar, daidai lokacin da 'yar mitarsa ta baro ta mutu.

Ina zaune a zauren Malam ran Juma'a ya zo. Tun daga nesa ya tuɓe takalmi, ya durƙusa can gefe, kai a ƙasa. Ya gaida Malam, ya tambayi gida, ya tambayi jiki, ya sake gaishe shi. Kun san suruki da suruki, ko ido ba a haɗawa. Ya gama zagaye-zagayensa bai faɗi komai ba, ya shiga cikin gida. Jim kaɗan Inna ta leƙo.

Ta ce, "Malam, yaron nan aro ya zo nema, kunya ta hana shi faɗi. Mitarka yake so."

Malam ya ce, "To, ya faɗi ranar, in bi shi in auna masa."

Inna ta ce, "Haba Malam! Ka bi mijin ɗiyarka wurin aiki ka tsaya a kansa? Mi mutane za su ce? Cewa za a yi ba ka yarda da shi ba. Shi ma ina zai iya motsa hannu kana kallonsa?"

Gaskiya ta faɗa, shi ma ya sani. Ya tashi ya ɗauko mitar, ya naɗe wayoyinta a hankali, ya miƙa wa Inna. Da ta shige ya dube ni ya ce, "Ummaru, yau dai na gamu da abin da ya fi ƙarfina."

Bayan 'yan kwanaki mita ta dawo tare da ƙullin goro da zabi biyu na godiya, an goge ta tas. Malam ya gwada ta yadda ya saba. Ya haɗa tsinkaye ta yi ƙara, ya auna batir ta faɗi daidai, ya gwada ramin am shi ma yana aiki. Abu ɗaya ne bai yi ba, bai kwance bayanta ya duba ciki ba. Inna tana tsaye da zabi a hannu, in ya ɗauko sukundireba a lokacin, daidai yake da ya ce yana zargin surukinsa. Ya mayar da ita akwati.

Injin niƙa na wani Alhaji Mamman a Bungudu shi ne aikin da ya biyo baya. Su suna da wuta a lokacin, mai layi uku, kuma shagon yana gindin taransifoma, inda wuta take da ƙarfinta duka. Injin yana tashi yana mutuwa. Malam ya aiko mini in same shi can don aikin na mutum biyu ne, ni kuma na yi murna, don na kwana biyu ban ga aikin kirki ba. Ɗakin duhu ne, gari ya rufe ko'ina, ga injin maƙwabci mai shan gas yana ta ruri, sai ka yi ihu ake jin ka. Mata sun yi layi da kwanonin dawa a waje, Alhaji yana ta kai da kawo yana cewa a yi sauri. Ina bayan Malam ina haska masa tocila. Ya auna wutar da ɗan naɗin wayar makunnin injin, wato koyil, yake sha, ya gyaɗa kai. Alhaji ya dafa shi ya yi masa wata tambaya a kunne, ya ba shi amsa. Sannan ya murɗa mita zuwa bolt, ya maƙala baƙar waya a layi ɗaya, ya sa hannun hagu a aljihu, ya kai jan tsinke kan layi na biyu. Jar wayar tana ramin am. Mitar tana da 'yar ƙarar gargaɗi da take yi in an yi haka, na tabbata ta yi, amma wa zai ji ta a cikin wannan ruri? Ni ma da nake riƙe da tocila ban lura ba.

Mantuwar gidan burodi ce sak. Abin da ya kamata mu ji shi ne ƙas.

Wani farin haske ya cika ɗakin, da ƙara kamar an harba bindiga a kunnena. Na tsinci kaina a ƙasa cikin gari, ba na ganin komai sai kore-kore. Mata suna salati a waje. Da idona ya dawo, na ga Malam zaune jingine da buhu, tabaransa ya yi baƙi ƙirin, gemunsa ya babbake, yana riƙe da hannun dama a ƙirji. Ba zan kwatanta muku hannun ba. Abin da ya fara faɗi shi ne, "Ummaru, kashe babban makunni kafin wani ya shigo."

Muka kawo shi asibiti nan Gusau. Tabarau ya ceci idonsa, likitoci kuma suka yi ƙoƙari ba a yanke hannun ba. Amma da ya warke, babban yatsa da biyun da ke binsa suka ƙanƙance suka lanƙwashe, ba sa haɗuwa. Ranar da ya koma shago ina nan. Ya zauna a kan bencinsa, ya ga wani ɗan sukuru a kan tebur, ya kai hannu zai ɗauka. Ya tura shi nan, ya tura shi can, har sukurun ya gangara ya faɗi ƙasa. Ni na fita bayan shago na yi kuka, ba na jin kunyar faɗi.

A ranar na kwance abin da ya saura na mitar, don abin ya tsaya mini a rai. Babu farin fis a ciki. A wurinsa sai guntayen jan ƙarfe da suka narke, da ƙarshen silin waya har yanzu a naɗe jikin maƙalan biyu. Raina ya ɓaci. Na nuna wa Malam, na ce yanzun nan zan je in sami Lawali.

Ya ce, "Zauna."

Na ce, "Malam, hannunka fa!"

Ya ce, "Na san hannuna ne. Zauna na ce. Kuma kada Rabi ta ji wagga magana daga bakinka."

Ashe ba sai an je nemansa ba. Duk zaman asibitin nan Lawali kullum yana zuwa, amma a bakin ƙofa yake tsayawa, mun ɗauka kunyar surukuta ce. Ya rame ya yi baƙi. Bayan la'asar sai ga shi a shagon. Ya durƙusa, wannan karon babu doguwar gaisuwa.

Ya ce, "Baba, ni ne. A Magami na taɓa kan batura da ita, fis ya ƙone. Na zagaye kasuwar Gusau kaf ban samu irinsa ba. Wani mai gyara ya ce ai waya ake ɗaurawa, ya ɗaura, muka gwada tana aiki. Na ce in na samu kuɗin aikin zan aika Kano a sayo in sa ba tare da ka sani ba. Baba, na kasa buɗe baki in ce na lalata maka kaya."

Malam ya daɗe yana kallonsa. Ina jin tun da aka ɗaura auren Rabi bai taɓa duban fuskarsa sosai haka ba.

Ya ce, "Lawali, fis ne fa. Don ya ƙone aka yi shi."

Lawali ya kifa kai a ƙasa yana shessheƙa. Ni dai ina tsaye, ina jiran in ji an ce ya tashi ya ba mutane wuri, don abin da ni zan faɗa ke nan.

Malam ya ce, "Share fuskarka. Gobe da safe ka zo da takalmin roba. Hannuna ya tafi, amma ido da kai suna nan. Kai kuma kana da hannu, ba ka da mai faɗa maka. Sharaɗi ɗaya ne, in mun shigo shagon nan babu suruki. In ka ɓata abu ka buɗe baki ka faɗa, in na yi maka faɗa ka shanye. Kunya mu bar ta a zaure, in mun koma gida mu ɗauka."

Haka kuwa aka yi. Aka sake sayo irin waccan mitar daga Kano, har da fis na ajiya. Daga Tsafe zuwa Bungudu mutane suka saba ganinsu a kan babur ɗaya, Lawali yana tuƙi, tsoho a baya rungume da akwati. A wurin aiki a ajiye wa Malam kujera, ya ɗora mita a cinya yana karanta lamba, Lawali yana cikin akwatin wuta da tsinkaye, kana jin tsoho yana cewa, "Ba nan ba, na ƙasa! Ina hannunka na hagu?" Shi kuma ya amsa da ƙarfi, "Yana aljihu, Baba!" Tsofaffi suka yi ta gulma, wai suruki yana yi wa suruki tsawa a bainar jama'a. Shekaru suka yi a haka, babu injin da ya gagare su, Lawali ya zama ma'aikacin da ni kaina nake kira in aiki ya cije mini.

Malam kuwa, har ya koma ga Allah bai sake riƙe tsinken mita ba.